Mai Kunna Fitila a Tsibiri

Saura kwana uku su bar tsibirin aka fara jifan. Odile tana baranda tana ɓare jatan lande, rana ta faɗa cikin fadama, sai ta ji ƙwal a kan kwanon rufi. Ta ɗauka 'ya'yan maƙwabta ne, sannan ta tuna ba su da sauran maƙwabci. Ruwan gishiri ya cinye gonaki, ya cinye makabarta, kowa ya koma tudu inda gwamnati ta gina musu gidaje. A wannan gefen na Louisiana, a ƙasar Amurka, ko dutsen jifa babu, laka ce zalla. Abin da mijinta Ovide ya tsinto a rufin ƙwanson kawa ne, wani irin dodon koɗi na teku, jiƙe sharkaf.

Washegari da magariba 'yarsu Zelie ta ajiye cokali, ta miƙe ta shiga kwance kayan da aka ɗaure. Uwar ta kama hannunta, ta ji shi sanyi ƙalau.

"Ba inda za a je," in ji Zelie, da muryar wani tsoho.

Ovide ya ɗauko Gwaggo Eulalie daga tudu a kwale-kwale, tsohuwa mai addu'a wadda ba a yi mata godiya, don godiya na karya maganinta. Ta durƙusa da carbinta, ta dafa goshin yarinyar.

"Wane ne kai? Me ta yi maka?"

"Ni ne na gindin bishiyar da gishiri ya kashe. Ba ta yi mini komai ba. Tun zamanin kakanninku nake kallon fitilunku da magariba. Ɗaya bayan ɗaya suka mutu, taku ce ta ƙarshe. Ni ba na ƙetare ruwa, sai dai a cikinta."

"Sake ta!"

"Kore ni mana, tsohuwa. Zuwa ina?"

Gwaggo ta janye hannunta daga goshin yarinyar. Wannan ya fi muryar ba Odile tsoro.

"A bar mini mutum ɗaya mai kunna fitila," in ji muryar, "sai in sake ta."

"Har yaushe?" in ji Odile.

"Har ruwa ya kashe fitilar."

Odile ta buɗe baki, Ovide ya riga ta. "Dama me zan yi a tudu, Odile? Kifi bai san hanyar can ba." Ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa.

Zelie ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido. "Mama, wa ya kwance kayan nan?"

Ranar tafiya Ovide ya loda musu kaya a kwale-kwale, ya koma sama cikin gidan, wanda ke kan dirkoki, ya kunna fitilar da rana tsaka don su gani daga nesa. Odile ba ta iya ɗaga kai ta kalla ba, ƙafafunta ta zuba wa ido. Ranar da aka kawo ta gidan nan amarya, matakala goma sha biyu ta hau. Yau tara ta sauko, ta taka ruwa.