Gidan da Babu Lungu

Mai zanen gidaje ya shekara ashirin yana zana wa mutane kafin Allah Ya ba shi ikon gina nasa a bayan gari. Sai ya huce haushi. Ya haɗe falo da kicin fili ɗaya, bangon gabas gilashi tun daga ƙasa har rufi, ƙarƙashin matakala ma ya sa fitila. Matarsa ta roƙi ɗan sito na tarkace, ya ce ƙauyanci ne.

Wata magariba suna cin abinci, tsakuwa ta faɗo cikin miya. Aka ɗaga kai, rufi lafiya lau. Ta biyu ta faɗo. Auta, 'yarsu mai shekara goma sha biyu, ta miƙe a hankali, ta bi bango tana shafawa kamar mai neman ƙofa. Kwana tara tana haka, ko uwarta ba ta ganewa.

Malamin da aka ɗauko ya yi karatu har muryarsa ta dushe. Can bakin yarinyar ya buɗe, muryar tsoho ta fito, a gajiye. Ya ce tun kafin a yanka filayen nan yake wurin. Maƙwabta duk sun bar wa 'yan'uwansa aljanu lungu ko bayan ƙyaure, ba mai jin kansu.

"Shi kuwa gwanin naku, haske ko'ina. Ina zan sa kaina, malam? Ƙirjin yarinyar nan kaɗai na samu da duhu."

Malam ya ce ya fita. Tsoho ya ce sai an gina masa ɗaki marar taga. Mai zane ya yi tayin bayan gareji.

"Tsakiyar falo," in ji tsoho. "Nan bishiyata take a da."

Ranar da aka ɗora bulon ƙarshe, Auta ta yi atishawa, ta nemi ruwa. Malam ya yi sallama. Sai a bakin ƙofa ya tuna bai tambayi tsohon ko yana da iyali ba.

Bayan sati uku Auta ta sake miƙewa tana shafa bango. Wannan karon muryar mace ce.

Yanzu ɗakuna shida ne a falon, masu gida kuwa a baranda suke cin abinci. Kowace magariba mai zane yakan zauna gaban 'yarsa da takarda da fensir, yana jiran ta buɗe baki ya ji ko ita ce, ko kuwa wani aikin ne ya zo.