Jaket Mai Lamba Sha Huɗu

Da misalin ƙarfe goma na safe wani mai shagon wayoyi ya faɗo ofishin 'yan sanda yana haki. Wani ɗan aike a kan babur, sanye da hular kwano da jaket ɗin kamfanin kai saƙo, ya zo ya karɓi kwalin wayoyi talatin kamar yadda aka saba. Bayan rabin awa sai ga ɗan aiken gaskiya ya iso.

Kyamarar shagon ba ta kama fuska ba, amma ta kama lambar da ke bayan jaket ɗin: sha huɗu. Kafin rana ta take, mai wannan lamba, wanda kowa ke kira Dogo, yana tsare a bayan kanta.

"Yallaɓai, ai magana ta ƙare," in ji Saje, yana murza hannu. "Gobe kotu."

Sufeto kuwa mutum ne da ba ya yarda da ƙarar da ta zo masa da sauƙi. Ya sa aka fito da Dogo.

"Ina kake da safe?"

"A kan rufin ɗakinmu, ranka ya daɗe, ina gyaran kwano. Yau hutuna ne."

"Wa ya gan ka?"

"Ba kowa."

"Jaket ɗinka fa?"

"Jiya na rataye ta a ɗakin ma'aikata."

"Wannan ƙujewar ta hannunka na hagu fa?"

"Kwanon ne ya yanke ni."

Yayarsa, wadda ta raine shi tun rasuwar iyayensu, tana tsaye a bakin kanta, idanunta sun kumbura. "Yallaɓai, shekara uku yana neman aikin nan. In ya shiga kotu da sunan ɓarawo, wa zai sake ba shi amanar ko allura?"

Ba a jima ba wata mai shara ta tsinci jaket ɗin a kwata, daidai wata kwana mai yashi. Alamun faɗuwar babur na nan a kan titi. Hannun hagu na jaket ɗin ya goge har ya yage, kuma da jini a ciki. Saje ya yi murmushi har kunne: ga jini, ga Dogo da ciwo.

A kamfanin, mutum biyu ne ke riƙe da makullin ɗakin ma'aikata. Na farko bakanike, wani ƙato mai ƙirji kamar ganga, ya rantse bai fita ba tun safe. Mai gadi ya ce ƙarya yake yi, ya fita da babur wajen ƙarfe tara.

"To, na fita," in ji bakaniken, yana sosa ƙeya. "Surukata na kai asibiti da babur ɗin kamfani. Tsoron kora ya sa na ɓoye."

Na biyu manajan 'yan aike ne, gajere, mai fara'ar da ta yi yawa, cikin kwat mai kauri duk da zafin da ake yi.

"Ina ofis tun safe. Dogo kuwa da jaket ɗinsa ya tafi gida, da idona na gani. Abin ya ba ni takaici, yallaɓai, yaron da ake shirin ƙara wa girma."

Sufeto ya juya wuyan jaket ɗin, ya karanta sunan shagon da aka saye ta, ya nufi can.

Mai shagon wata dattijuwa ce da tef ɗin awo a wuya. A tsakiyar shagon akwai wani tsohon babur marar inji, an ɗaure shi a ƙasa da ƙusa.

"Ta Dogo ce," ta ce tun kafin a tambaye ta. "Sau uku muna canzawa kafin mu samu daidai shi. Hannu ne da shi kamar sandar tsinkar mangwaro."

"Baba, yaya ake gane daidai mutum?" in ji Sufeto.

"Ɗana, wannan rigar ba a tsaye ake gwada ta ba. Kowa in ya zo sai ya nufi madubi, ni kuma in kora shi kan babur ɗin nan. Ka zauna, ka miƙa hannu ka kama kan babur. Bakin hannun riga ya tsaya a wuyan hannunka, zif ya rufe ba tare da ka riƙe numfashi ba. Sannan taɓa nan." Ta ɗora yatsansa a kan wani soso mai tauri da aka ɗinke a ciki. "Wannan dole ya zauna a kan gwiwar hannu. In riga ta yi maka yawa, sai ya zame ƙasa, ranar faɗuwa ƙashinka ne zai gaisa da kwalta."

Ta juya hannun jaket ɗin, ta tsaya cak. Soson lafiyarsa lau, ko ƙwarzane babu. Yagewar da jinin suna sama da shi da faɗin yatsu huɗu.

"Wanda ya faɗi da rigar nan ba mai ita ba ne," ta ce.

Sufeto ya ji wani daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa. Ya roƙi aron babur ɗinta na awa guda, ya sa aka kawo mutanen uku.

Dogo ya fara. Ya sa jaket ɗin, ya hau, ya miƙa hannu, soson ya zauna a gwiwar hannunsa daram. Ƙujewarsa kuwa can kusa da wuyan hannu take, inda jaket ɗin ko datti babu. Bakanike ya yi ta kokawa da zif har gumi ya karyo masa, bai wuce cibiya ba.

"Saura kai, Manaja."

"Haba yallaɓai, ni da ba na hawa babur?"

"Wannan ba shi da inji. Cire kwat ɗin."

Ya cire a hankali, hannun dama kawai yake aiki. Ya zura jaket ɗin, yatsunsa suka ɓace a ciki. Da ya miƙa hannu zai kama kan babur, sai ya saki wata ƙara. Soson yana lilo a tsakiyar hannunsa, gwiwar hannunsa kuma ta cika yagewar nan cif. Saje ya naɗe masa hannun riga: ga bandeji sabo, jini ya fara ratsowa.

"Ina wayoyin?" in ji Sufeto.

Manaja ya dubi ƙofa, ya ga ɗan sanda a tsaye.

"Suna but ɗin motata. Kujerata za a ba shi, yallaɓai. Shekara tara ina wurin, a ce Dogo ne zai riƙa ba ni umarni? Na ce in ya tafi kurkuku an huta."

Ankwa ta yi ƙara. Wayoyi talatin suka fito daga motar, ko leda ba a ɓare ba.

A ofis, Dogo ya sa hannu a takardar sallama, ya juyo ke nan aka shigo da Manaja. Hanyar bayan kantar ƙunci gare ta, mutum biyu ba sa wucewa tare. Dogo ya manne da bango, ya rusuna cikin ladabi.

"Wuce, Oga. Kai ne babba."

Saje ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Yayar Dogo ta kama hannun ƙaninta da hannu biyu, tana kuka tana dariya, ta ja shi waje ba ta ko waiwaya ba.