Bakin da Ke Bayan Labule

Ciyar da majinyaci aiki ne mai ƙa'ida, kuma Maman Biyu ta riƙe ƙa'idar tun shekarar da ta fara taimaka wa nas-nas a ɗakin tsofaffin mata. A tayar da kan gado, a shimfiɗa tawul a ƙirji, a ba da rabin cokali, sannan a dubi maƙogwaro. Sai an ga loma ta wuce ake ƙara wata, domin tsohuwa tana iya ƙwarewa ta mutu da abinci a baki.

Ranar da abin ya faru, gado goma sha takwas ne a wuyanta ita kaɗai, abokiyar aikinta ba ta zo ba. Tun safe take juya wannan, ta wanke waccan, ta canza zanin gado, ta kwashe fo. Da azahar ta ɗauko kular abincinta, ƙararrawa ta kira ta. Da la'asar ta sake ɗaukowa, sai Sista ta leƙo.

"Maman Biyu, ta gado na tara ta ɓata jikinta."

"Sista, ko ruwa ban sa a cikina ba."

"Ni kin ga alamar na ci? Gama da ita tukuna."

Ta mayar da kular ƙarƙashin keken rabon abinci. Kwana na huɗu ke nan a jere ba ta samu ta ci abincinta ba.

Gab da magariba ta bi gadajen da abincin yamma. Kafin ta kai na goma idonta ya daina ganin fuska, baki kawai take gani da cokali. Ta gama da na sha takwas, ta juya keken, tayarsa tana ƙiƙi-ƙiƙi. Sai ta ji murya daga ƙuryar ɗakin, bayan labule na ƙarshe.

"'Yar nan. Ni ba a ba ni ba."

Ta duba keken, farantai duk sun ƙare. Ta ɗauka sabuwa aka kwantar ba a gaya mata ba, don an saba yi mata haka. Ɗakin girki kuwa an rufe. Ta dubi kularta, ta haɗiyi yawu, ta ɗauka ta shiga.

Hasken fitila bai kai wurin ba. Akwai wani wari, ba na magani ba, ba na fitsari ba, irin na tukunyar da aka manta a rufe. Tsohuwa ce a zaune cikin bargo, har da tawul a ƙirji, kamar ta san tsarin.

"Sannu, Iya. Buɗe."

Bakin ya buɗe. Cokali ya shiga da shinkafa, ya fito fes. Ta ƙara, ta sake ƙarawa. A na biyar hankalinta ya dawo kan ƙa'ida, ta dubi maƙogwaron. Bai motsa ba. Ba tauna, ba haɗiya. Ta ɗora yatsu biyu a wuyan ta ba da wata loma. Fatar sanyi ƙalau kamar ƙarfen gado, kuma babu abin da ya wuce ƙarƙashin yatsunta.

"Iya, kina haɗiyewa kuwa?"

"Ƙara."

A nan ta tuna. Gadon ƙurya ya karye tun watan jiya, da hannunta ta taya tura shi waje.

Ta sunkuyar da ido. Bargon ya sauka har ƙasa. Babu ƙafar gado ko ɗaya.

Ta janye cokalin.

"Ya ƙare, Iya," ta ce cikin raɗa.

"Na jiya ya fi gishiri," in ji tsohuwar. "Na shekaranjiya ya yi sanyi. Duk wanda kika bari, ni nake ci."

Maman Biyu ta tuna yadda take buɗe kular a gida, shinkafa tana nan cike, amma ba ɗanɗano, kamar audugar wanke ciwo.

Ta ja da baya. Hannu ya fito daga bargon ya kama wuyan hannunta.

"Ban ƙoshi ba."

Bakin ya ci gaba da buɗewa. Ya wuce haɓa. Ba harshe, ba haƙori.

Ana jan yatsunta zuwa ciki.

Sanyi ya hau hannunta, ya kai kafaɗa, ya gangara ciki. Ta ji ana kwashe ta daga can ciki, cokali-cokali. Ta nemi sunan Allah, harshenta ya yi nauyi. Ta zube ƙasa.

Da sauran ƙarfinta ta shuri keken ta ƙarƙashin labule. Farantai goma sha takwas suka watse a ƙasa, ɗakin ya ɗauki ƙara, tsofaffi suka fara salati. Mai goge-goge ta taho da gudu ta yaye labulen da sandar mofa.

Ba kowa sai Maman Biyu a durƙushe, hannunta na dama a miƙe cikin iska, fari fat har gwiwa.

Kwana shida ta yi a kwance ana ƙara mata ruwa. Da ta dawo, Sista da kanta ta kafa doka: kowa ya ci abincinsa da azahar, ko a tsaye ne, kuma kada kula ta kai magariba a rufe. An cire labulen ƙurya.

Maman Biyu tana ci a kan lokaci yanzu, faranti biyu, wani lokaci uku. Amma sau biyu ke nan tela yana rage mata rigar aiki. Likita ya auna komai, ya ce lafiyarta lau.

Rannan mai goge-goge ta zauna tana kallonta har ta suɗe faranti na biyu.

"Kin ƙoshi, 'yar uwa?"

Maman Biyu ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaronta.

"Ina haɗiyewa," ta ce. "Ban dai san cikin wa yake zuwa ba."