Ƙarfen Motar Ɗan Dije

Magariba ta kawo kai a Gusau, awaki sun shige, Zahra'u na tuƙa tuwo, lokacin da abu na farko ya faɗo kan kwanon ɗaki. Sai wani ya biyo baya, ya gangaro ya tsaya a gaban murhu. Ta sa hannu ta ɗauka, ta yar da sauri. Ba dutse ba ne, noti ne mai tsatsa, da zafinsa kamar yanzu aka ciro shi daga wuta.

Mijinta Lukuman bakanike ne, irin mutanen nan da gara su kwana da yunwa da a ce sun kasa aiki. Wani mai akori-kura da ke jigilar hatsi zuwa kasuwar Mada ya kawo masa kuka, aksul ɗin motarsa ya karye, wato dogon ƙarfen da tayoyin baya ke ɗaure a jikinsa. An nemi irinsa an rasa. Lukuman ya bugi ƙirji ya ce zai samo, ya kuwa samo. Sai dai bai kai shi gareji ba. Gida ya shigo da shi a lulluɓe da buhuna, wai daga Kano aka aiko masa.

Ƙarfen na wata mota ne daban, mazaunan da sifirin, wato ƙarafan da ke tallafe jikin mota, ke hawa sun fi na akori-kurar tazara. Don haka ya jawo wutar gas tsakar gida da almuru, ya yanke mazaunan, ya matso da su ciki, ya sake yi musu walda, ya huda sabbin ramukan noti. Sauri yake kada maƙwabci ya leƙo, ko bisimilla bai yi ba.

Tun daga ranar, rana ba ta faɗuwa lafiya a gidan. Notuna su yi ta zuba, a ji bugun guduma daga ƙarƙashin buhunan, a ji kamar jariri na shessheƙa a cikin ƙarfe. Lukuman ya ce yaran unguwa ne. Shi kansa bai yarda da maganar ba, domin tuwo ya daina wuce masa.

Sai abin ya sauka kan Wasila, 'yarsu. Aka same ta ƙarƙashin gado, kwance rigingine, hannunta na dama a dunƙule, ya ƙi buɗuwa. Babu ƙuna a jikinta, amma ɗakin ƙauri yake. Zahra'u ba ta jira izinin kowa ba, ta aika Tsafe aka ɗauko Malam Sama'ila mai ruƙiyya.

Malam ya iso bayan la'asar. Ya tsaya ya dubi buhunan, ya dubi mai gida. Ya zauna kusa da kan yarinyar ya fara karatu a hankali, har inuwa ta cinye tsakar gidan. Can Wasila ta buɗe ido, muryar da ta fito daga bakinta ta wata babbar mace ce, a dishe.

"Bari ƙona ni, Malam. An riga an ƙona mu."

"Wace ce ke? Mi yarinyag ga ta yi miki?"

"Ita ba ta yi ba. Tambayi ubanta inda ya ɗauko gidanmu."

Malam ya juya wajen mai gida. Lukuman ya ce, "Kano," da wata 'yar murya da ko kaza ba za ta kora ba. Aljanar ta yi dariya mara daɗi.

"Kwatarkwashi ta koma Kano? Gindin dutse, motar ɗan Dije da ya rasu. Tun da anka aje ta muke ciki. Tsohuwar, Dije, ta hana a sayar, kullum ta zo sai ta yi muna sallama. Wanga ya zo da jak da sifana ya kwance ƙarhen, ya sa muna wuta bai ce mu kauce ba. Hannun ɗiyata ya tahi. Na riƙe na ɗiya tai."

Zahra'u ta dubi mijinta. Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Kunya ta kama shi har ya ji wuyansa ya kasa ɗaukar kansa.

Aljanar ta nemi baƙin bunsuru, Malam ya ce ba a yanka wa kowa sai Allah. Ta ce to a bar mata hannun, ya ƙara karatu har ta yi ƙara. Daga ƙarshe ta sauko.

"Shi mai da ƙarhen yadda ya ishe shi. Mazaunan su koma wurinsu. Da rana tsaka, da hannu nai."

"Ka ji?" in ji Malam.

"Na ji," in ji Lukuman, idonsa a ƙasa.

Wasila ta yi atishawa mai ƙarfi, yatsunta suka saki ɗaya bayan ɗaya, ta nemi ruwa.

Washegari ya warware aikinsa, ya mayar da mazaunan inda suke, ya ɗauki hayar mota zuwa Kwatarkwashi. Ya yi ta addu'a a hanya Allah ya sa babu kowa. Amma ga tsohuwa Dije zaune a gefen motar, wadda ya bari a kan duwatsu, gindinta a karkace. Da ta ga abin da ake saukewa sai ta miƙe, ta kama hannunsa da hannu biyu.

"Ɗana, kai ka gano min shi? Allah shi yi maka albarka. Allah shi ba ka ɗiyan da za su ji ƙanka. Shi ko wanda ya ɗauka, na bar shi da Allah."

Lukuman ya zare hannunsa daga nata. Ya ja sifanarsa ya shige ƙarƙashin motar. Notunan sun daɗe da ɗauruwa tam, amma yana nan kwance yana juya sifana, tsohuwa kuwa ta tsuguna a waje da ƙwaryar fura, tana jira ya fito.