Kwanon Hajiya Hind

Ranar da kamfani ya tura Musaddiq raka baƙi 'yan Sin cin abinci, ranar rayuwarsa ta sauya. Injiniya ne a tashar jiragen ruwa ta Jidda, mutumin Zariya, kuma tun saukarsa bai saka abin da bai sani ba a bakinsa ba. Kuka da daddawa da yaji ya cika akwati da su, kamar wanda aka ce masa ƙasar ba ta da kasuwa.

Gidan abincin yana wani lungu a unguwar Bagdadiyya. Baƙin suka duƙufa kan kwanukansu, shi kuwa ya nemi ruwa.

"Ruwa kawai?" in ji budurwar da ke kawo abincin, da Hausa.

Ya ɗago. Idanunta irin na baƙinsa ne, fatarta irin ta 'yan gidansu.

"Ke Bahaushiya ce?"

"Babana. Mamana 'yar Sin ce, aikin Hajji ya kawo ta, Baba ya hana ta komawa. Komai halal ne, ya akhi. Wannan ma awara ce."

"Awara a cikin romo? Me ta yi muku?"

Ta yi dariya har ta dafa tebur. Sunanta Mubina, gidan abincin kuma na iyayenta ne.

Daga ranar ya zama ɗan gida. Ya zo, ya sha shayi, ya kalle ta, ya koma ya tuƙa tuwonsa. Saƙonni suka fara kaiwa da komowa.

"Yau ma shayi ka sha ka gudu. Mama na tambaya ko likita ne ya hana ka."

"Ganinki yana ƙosar da ni, Binata."

"Halas, ya isa haka. Ka zo gida ranar Juma'a ka gaishe su."

Ya je da babbar riga. Mahaifiyarta, Hajiya Hind, tun safe take kan murhu. Da kanta ta dire masa kwano mai tururi. A Zariya ba a cin abinci gaban surukai, kuma a karo na farko al'ada ta zo daidai da son ransa. Ya sunkuyar da kai, ya yi godiya, bai taɓa ba. Mahaifinta, Malam Jabiru, ya gyaɗa kai, ya ga yaro mai kunya. Hajiya ta ɗauke kwanonta a sanyaye.

"Wanda ya ƙi abincina, wata rana zai ƙi 'yata," ta ce wa mijinta bayan fitarsa. "Ga Husaini ɗan yayanka nan. Shi yana share kwano ya nemi ƙari."

Saƙon Mubina ya same shi a hanya.

"Mama ta ce a'a. Baba ya yi mata bayanin kunya, ta ce ana iya jin kunya ana tauna. Ni ma ina tambaya, habibi: kunya ce ko ƙyama?"

Ya rubuta: "Duka biyu. Amma gobe ina zuwa."

Washegari bayan azahar ya sami Hajiya Hind a kicin ɗin gidan abincin tana jan ƙullun fulawa, tana naɗewa, tana sake ja, har ya zama zaren taliya tsakanin yatsunta.

"Hajiya, na zo cin abinci."

"An tashi."

"Zan jira."

Ta auna shi da ido. Ta ɗauko ƙwan agwagwa irin wanda 'yan Sin ke adanawa har ya rine, ta ɓare, ta yanka. Baƙi ne wuluk, kwaiduwar kore-kore, warinsa kuma ba ya sallama. Mubina ta leƙo daga ƙofa, hannunta a baki.

Musaddiq ya yi bismilla irin ta mai shiga jirgi, ya jefa a baki. Idonsa ya kawo ruwa. Ya tauna, ya haɗiye, duniya ba ta tashi ba.

Sai taliyar ta zo, cikin romon saniya da jan man barkono. Sanduna biyun da 'yan Sin ke cin abinci da su suka ƙi masa biyayya, ya ɓata gaban rigarsa, ƙarshe ya ɗaga kwanon ya kafa kai. Romon ya ratsa shi har kunnuwa. Kafin ya ajiye, Hajiya ta sake cikawa. Ya sake sharewa, gumi na zuba.

"Yalla, maza Mubina, kawo masa ruwa," in ji Hajiya. Ta juya ga tukunyarta. "Ka ce wa manyanka su zo. Su zo da yunwa."

Aka ɗaura aure bayan sallar layya. A walima aka jera tuwo da taliya a tebur guda, abokan ango suka yi ta kokawa da sanduna, Husaini ya ci rabonsa da na wasu. Malam Jabiru ya sa albarka.

Da za a tafi da amarya, Musaddiq ya durƙusa gaban Hajiya Hind. Akwai maganar da yake ta ajiya tun ranar kicin.

"Hajiya, ina so in ce..."

"Tashi, matarka na jira a mota. Allah Ya ba ku zaman lafiya."

Mata suka ɗauki guɗa, aka ja shi waje. Haka maganar ta zauna a cikinsa: kwanon farko ne ya ci don Mubina, na biyun don kansa ya ci.