Muryar da Ta Ƙone a Hannun Azariya

Ranar da Zipora ta shigo shagonsa a bakin kasuwar Kafanchan, Azariya mai gyaran waya ya manta cewa da ido ake aiki, ya mayar da nasa na kallo.

"Wayan mamana ne," ta ce. "Ta rasu bara, wayan kuma ya ƙi kunnuwa. Muryanta yana ciki, tana waƙa. Shi kawai nake so."

Ya buɗe wayar ya fito da injin, ya bi 'yan ƙananan kayan da ke manne a kai da tsinken mitar gwajin wuta ɗaya bayan ɗaya, har mitar ta yi ƙara a wani layi. Ya ɗiga sifirit, ya ba injin wuta kaɗan. Inda ya fara bushewa nan cutar take, wata kafasita da ba ta kai ƙwayar gero ba.

Aikin minti biyar ne. Sai dai kafasitar tana jikin memori, inda muryar take ajiye, kuma ko ɗan koyo ya san sai an rufe memori da tef mai tare zafi kafin a kunna bulowa mai hura zazzafar iska. Ana cikin haka Zipora ta yi murmushi, ta ce yana da haƙuri kamar nas. Gogan naku ya ɗago yana washe baki, bulowa na hurawa, tef yana cikin durowa.

Da ya mayar da ido, memorin ya riga ya ƙone.

"Tun kafin ki kawo ya mutu," ya ce, bai iya kallonta ba.

Ta share hawaye, ta yi masa godiya. Godiyar nan ta fi zagi ciwo.

Laifi ne ya fara sa shi kiranta, ya ji ko ta isa Fadan Kaje lafiya. Kafin a haƙe citta, so ya shiga tsakani. Yana ce mata Zipi, tana ce masa Likita.

"Likita, ka ci abinci? Kar ka zauna da waya kamar shi ne matanka," ta rubuto wata rana.

"Na ci, Zipi na. Ke ce dai ban ƙoshi da gani ba."

Ya tura, ya kife wayar. Duk daɗin da ya ji, da ɗaci a ƙarƙashinsa.

Mahaifinta, Baba Kaleb, manomin citta kuma dattijon coci, da farko ya ƙi maganar aurensu. Ya ce masu gyara bakinsu biyu ne. Ya sa aka bincika, kowa ya ce Azariya ba ya cire kaya mai kyau ya ce ya lalace. Ran da dangin Azariya suka je gaisuwa, tsohon ya dafa kafaɗarsa.

"Ɗana, don gaskiyanka na ba ka."

Azariya ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kwana uku abinci ba ya wuce masa.

Saura sati biyu a fara kiran aurensu a coci, ya hau mashin zuwa Fadan Kaje. Ya same ta tana shanya citta a tsakar gida.

"Zipi, wayan Mama bai mutu a gida ba. Ni na kashe shi. Ban rufe memori ba, ina kallonki. Na yi miki ƙarya. In kin fasa, ba zan ga laifinki ba."

Ta ci gaba da baza cittar.

"Na sani," ta ce. "Wata huɗu ke nan. Derrick mai gyara na layinku, wanda yake bina da so, ya ce in kawo ya duba. Ya nuna mini inda ya ƙone. Ya ɗauka zan bar ka in dawo wurinsa."

"Kuma kika yi shiru?"

"Ina jira ne. Na gaya wa Yesu, in Fasto ya kira sunanmu sau uku ba ka faɗa ba, ni da kaina zan tashi a coci in ce ban yarda ba. Kullum ina roƙo kar ka sa ni tashi."

Ya durƙusa a cikin cittar, ya yi kukan da bai yi ba tun yana yaro.

"Ka tafi," ta ce. "Yau ba na son ganinka."

Kwana tara bai ji daga gare ta ba. Bai kira ba, don ya san ba shi da bakin kira. A na goma, yana tsaka da gwada wani injin, saƙo ya shigo.

"Likita, muryan Mama ba zai dawo ba, kuma har yanzu yana mini zafi. Amma na yafe. Ka je ka gaya wa Baba da bakinka, sannan ka zo a gwada maka kwat."

Ya je. Baba Kaleb ya saurara har ƙarshe, ya jima yana duban ƙasa, don muryar matarsa ce shi ma.

Ranar ɗaurin aure, coci ya cika har waje. Tsohon ya kamo hannun 'yarsa, ya tsaya gaban ango, idonsa jawur.

"Wancan karon don abin da mutane suka faɗa na ba ka," ya ce a hankali. "Yau na san wanda nake ba. Ubangiji ya albarkace ku, ya ba ku zaman lafiya."

Azariya ya karɓi hannun Zipora da hannu biyu, bai iya cewa amin ba sai da ta ɗan matsa yatsunsa.