Kofin da Ya Yi Rawa a Hannun Auta

Da azahar Auta ya shigo gida, ko sallama bai ƙarasa ba. Uwarsa, mai sayar da yadi, tana tsakar ɗaki tana ninke atamfofi. Ya wuce ya zauna a kujerar marigayi babansa, wadda ba wanda ya hau tun rasuwarsa.

"Wa ka bar wa shagon askin?"

"Na rufe, Inna. Sun ce kar in sake zuwa."

Su waye, ba sai ta tambaya ba. 'Yar direba ce Auta ke so, ita ma tana sonsa, har an ba shi izinin zuwa gaida mahaifinta.

"Shayi suka kawo min," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ina ɗaukar kofin sai ya hau kaɗawa a kan faranti. Goggonta ta ce, ga shi nan, irin na ubansa ne, gado ne."

Inna ta ajiye atamfar da ke hannunta. Ta tuna hannun mijinta yana karkarwa bisa cinyarsa, da cokalin da ke zubewa kafin ya kai baki. Ta juya baya ta goge ido da bakin mayafi, don ba ta kuka a gaban mutum, ko da ɗanta ne.

Washegari ta ci ado ta nufi gidan direba. Tabarma aka shimfiɗa mata, ta ce a tsaye ma za ta iya magana.

"Baban yarinya, ɗana ba ragowar yadi ba ne da za a ce yana da tabo a karya masa daraja. Ciwon ubansa likita ya ce Fakinsan ne, ciwon karkarwar jiki. Da bakina na tambaye shi. Ya ce yawancin masu shi ba gadonsa suka yi ba, sai 'yan gidaje kaɗan da yake bin jini. A dangin mijina kuwa shi kaɗai ya yi."

"To rantse min ba zai kama yaron ba."

"Ni ko atamfa ban taɓa rantsewa ba za ta koɗe ba. Kai ka rantse min za ka kai gobe da ƙafarka."

"Kin gani ko? 'Yata ba za ta ƙare ƙuruciyarta a jinya ba."

Haka Inna ta fito. Ita da ba a taɓa kayar da ita a ciniki ba, ranar ta dawo hannu rabbana.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Auta ya rame, yarinyar ma aka ce abinci sai an matsa mata. Ba ta yi wa mahaifinta tsiwa ba, ba ta saci hanya ba. Wata safiya dai ta durƙusa a gabansa tana hawaye.

"Baba, alfarma ɗaya. Ka je ya yi maka aski. In ka dawo ka ce a'a, wallahi na haƙura."

Direba ya je. Ya zauna fuska a ɗaure, ya ce ba ya son inji, da aska za a gyara masa gemu. Auta ya shafa kumfa, ya ɗora aska a maƙogwaronsa. Direba ya kafa wa hannun ido ta madubi. Ko motsin banza babu.

"A ina ka koyi wannan, yaro?"

"A fuskar Babana. Haɓarsa ba ta tsayawa. Sai in tallabe ta, in yi ta ba shi labari har ta lafa, sannan in ja aska. Ya ce ko ciwo ya ci shi, ba zai yarda a gan shi buzu-buzu ba."

"Har yaushe?"

"Har ranar da ya bar mu, Baba."

Direba ya sake duban hannun ta madubi.

"To me ya kaɗa maka kofi a gidana?"

Auta ya sunkuyar da kai. "'Yarka ce ke leƙena ta bayan labule."

Direba ya yi dariya har kumfa ta shiga bakinsa, sai kuma dariyar ta koma ƙwalla.

"Ni da nake tsoron 'yata ta yi jinya," ya ce, "ashe mai jinya zan kora. In Allah ya kawo, ku riƙe wa juna haɓa."

Ranar da amarya ta tare, Inna ba ta shiga hayaniya ba. Ta ja ƙofa, ta zauna kusa da kujerar marigayi mijinta, ta dafa hannun kujerar.

"Ka ji, Malam? An ce gado ya yi. Eh, ya yi. Haƙurinka ya ɗauka."

Wannan karon ba ta goge idon ba.

Masu 'ya'ya, in za ku binciki gidan mutum, kada ku tsaya ga ciwon da ya shiga gidan. Ciwo ba ya neman izinin kowa. Ku tambayi yadda aka riƙe mai ciwon.